Sunan da ke Hannun Malam Bukari

"I, ni ce matarsa," in ji Rékia da Faransanci, tarho maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, ludayi a hannu. Miyar kuɓewa tana ɗiga daga ludayin zuwa ƙasa, ba ta ko lura ba.

Mounkaila yana zaune a tsakar falo yana ɓare wa 'yarsu Muhsina lemo. Asabar ce da hantsi, ba shi da fita. Ya ɗaga kai.

"Lafiya? Wa ke nan?"

Ta sauke tarhon, ta tsaya tana kallonsa tun daga kai har ƙafa.

"Daga wani asibiti ne a Paris. Wai mijina na kwance, an yi mishi aiki a ciki jiya. Wai in ina son in iske shi da rai, in taho yau."

Lemon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Babu wanda ya tambayi wani abu a cikinsu, don su biyun sun san ko wane ne wannan mijin nata da ke kwance a Paris.

Malam Bukari ne, maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa a hawa na bakwai, cikin dogayen gidajen nan na Rillieux, a gefen Lyon. Magini ne, Bagobirin Tibiri, mai tsagar gado a kumatu biyu wadda ko daga tsallaken titi ka hango ta ka san inda ya fito. Shekara goma sha biyu yana Faransa ba shi da takarda. Ɗaki guda wani tsoho ɗan Komoros ya ba shi a gidansa, yana fita ƙananan ayyuka, yau gyaran banɗaki, gobe shafen bango. Da yake Mounkaila Bazabarme ne ta wajen uba, ko da yake a Maraɗi ya tashi, tun ranar da suka fara haɗuwa a matakala Malam Bukari ya sa masa suna, irin na wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. "Bawana, zo in aike ka," ita ce gaisuwarsa ta safe. Ranar da naƙudar Muhsina ta taso, Mounkaila yana kan hanyar Grenoble da motar kayan kantin da yake wa aiki a Bron, asansar kuma, na'urar hawa benen, ta lalace kamar kullum. Malam Bukari ne ya riƙe jakar Rékia ya sauko da ita hawa bakwai, mataki ɗaya ɗaya, yana yi mata addu'a. Shi ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne kafin ubanta ya iso.

Wata goma sha huɗu ke nan da ya ƙwanƙwasa musu ƙofa bayan la'asar, ranar bai ce "bawana" ba. Ya zauna a bakin kujera, hula a kan gwiwa. Ya ce ana ta gine-gine a Paris saboda manyan wasannin duniya da za a yi, ana neman magina ido rufe, har Lahadi aiki ake. Wani ƙaramin kamfani da ya karɓi aiki daga hannun wani, wanda shi ma daga hannun wani ya karɓa, ya ce zai ɗauke shi in ya kawo hoton katin zama. Ko katin wa.

"Malam, shekarunka hamsin da 'yan kai, ni talatin da bakwai," in ji Mounkaila. "Ga tsaga. Dubi hoton nan, fuskata sumul take."

"Wa zai duba? Shef ɗin, shugaban aikin, da bakinshi ya ce in nemo na ɗan'uwa. Hannu suke so, ba fuska ba."

"To yau dai Bagobiri zai koma Bazabarme."

"Ka gani ko? Kar dai ka bari mutanen Tibiri su ji, ba za su sake cin tuwo da ni ba."

Rékia ba ta yi dariya ba. Bayan ya fita ta ce, "Baban Muhsina, katin nan shi ne rufin ɗakinmu. Zamana da na yarinyar nan duk a kanshi suke rataye." Ya ce ya sani. Washegari ya je shagon taba na ƙasan gida ya yi hoton katin gaba da baya, da na asibiti. A bayan takardar Malam Bukari ya rubuta lambar Rékia, don a wurin ɗaukar aiki sai an ba da lambar matar mutum.

Yanzu ga shi cikin jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu ta Lyon zuwa Paris, goshinsa a jikin gilashi, gonaki suna wucewa jiƙe da ruwan Fabrairu. Katin nasa na cikin aljihun ƙirji, a watan Yuni zai ƙare a je sabuntawa. Ya kira lambar Malam Bukari har sau uku. A na huɗu wata baƙuwar murya ta ɗauka, ta ce sunansa Ilya, ɗakinsu ɗaya, zai jira shi a tashar bas da ke kallon ƙofar asibitin. Ba zai shiga ciki ba.

Ya same shi a can, wani siririn mutumin Tawa mai kimanin shekara arba'in, cikin jaket da ɗigon fenti a kafaɗa.

"Kai ne ɗan'uwan Baba Mounkaila?"

"Ni ne Mounkaila."

Ilya ya dubi ƙasa.

"Ashe kai ne mai katin. To shi mi ne sunanshi?"

"Bukari."

"Bukari," in ji Ilya, yana juya sunan a baki. "Shekara guda da wani abu katifata na gugar tashi, wallahi bai taɓa gaya mini ba. Ya ce in ka saba da suna biyu, wata rana sai ka amsa wanda bai kamata ba a gaban Bature. Ni ma can a shantiye, wurin ginin, Rayan nake. Ka dube ni da kyau, na yi kama da Rayan?"

Sai ya ba shi labarin a tsaye, yana waige-waige. Ran Litinin ne, ana yayyafi. An cire ƙarafan kariya na hawa na biyu don a yi saurin shigar da kaya, saboda shef ya ce an makara da sati uku kuma ranar buɗe wasanni ba ta matsawa. Katako ya yi santsi. Malam Bukari ya faɗo da gefe a kan tarin bulo. Bai suma ba, har ya yi ƙoƙarin tashi. Shef ya zo da gudu, abin da ya fara yi shi ne ya cire masa hular kwano da rigar nan mai ruwan lemo, ya karɓe katin shiga. Ya sa aka ɗora shi a bayan motar kaya, ya sauke shi a ƙofar gidan da suke kwana su shida, ya bar masa kwalin ƙwayoyin ciwon kai.

"Ya ce in an tambaya a matakalar gida ya faɗi. Ya ce in motar asibiti ta shigo shantiye, masu bincike za su biyo ta, mu talatin duk mu rasa aiki, rabi a sa su jirgi." Ilya ya share hanci da bayan hannu. "Baba da kanshi ya ce haƙarƙari ne kawai, mu ɗaure mishi da rawani. Muka ɗaure. Kwana huɗu muna gasa mishi da ruwan zafi. Ran Juma'a na ga leɓenshi ya yi fari kamar takarda, ya shiga banɗaki ya faɗi. Ni na kira motar asibiti. Da na ji jiniya sai na sauka na tsallaka titi na tsaya ina kallo kamar ban san shi ba. Allah ya yafe mini."

A teburin karɓar baƙi wata mata ta tambayi Mounkaila wa yake nema. Ya faɗi sunan kansa. Ta duba na'ura, ta ce hawa na uku, ta tambayi yadda suke.

"Ƙanensa ne ni."

"Sunanka?"

"Salim," in ji shi. Ko shi bai san daga ina sunan ya faɗo ba.

Malam Bukari ya ƙanƙance a kan gadon. Mutumin da ke ɗaukar buhun siminti a kafaɗa ɗaya ya koma kamar an sace rabinsa. Roba a hanci, roba a hannu, wata na fitowa daga gefen ciki zuwa cikin jaka mai jini-jini. A wuyan hannunsa na dama akwai farin zobe na leda, an buga masa rubutu. Mounkaila ya sunkuya ya karanta: sunansa, sunan ubansa, ranar da aka haife shi a Maraɗi.

"Malam," ya ce a hankali. "Malam Bukari."

Shiru. Sai wata nas ta shigo da faranti, ta ɗaga murya kamar yadda suke yi wa tsofaffi. "Musye Mounkaila? Kuna ji na?"

"Wi," in ji Mounkaila, kafin ya kama bakinsa.

A daidai lokacin Malam Bukari ya buɗe ido shi ma, ya juya kai wajenta. Nas ɗin ta dubi na kwance, ta dubi na tsaye. Ta gyara robar ruwa, ta ce lokotoro ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma jinin ya daɗe yana zuba a ciki, ƙodar ma ta tsaya, da an kawo shi tun ranar farko da wani zance ake. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa jikinsa ya fi shekarun da ke takarda tsufa. Ta ja ƙofar.

"Bawana," in ji Malam Bukari. Muryar sai ka kai kunne. "Wa ya aike ka?"

"Rékia suka kira."

"Ash. Na manta da lambar nan." Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "Ka ba su sunanka a ƙasa?"

"A'a."

"Madalla. Ashe Bazabarme na da wayo." Ya yi ƙoƙarin dariya, abin ya koma tari, jakar da ke gefe ta motsa. Mounkaila ya riƙe masa kafaɗa har ya lafa. "Saurara. Ni tawa ta ƙare, na ji a jikina. Ka koma Lyon yau. Ka tafi komisariya wurin 'yan sanda ka ce an sace maka takardu, ba ka san wanda ya ɗauka ba. Ka ce sata na yi."

"Haba Malam."

"Na yafe. Ni na ce ka faɗa. Kana da ɗiya." Ya nemi hannunsa ya kama, ba ƙarfi. "Matata Saadatou kawai za ka gaya wa, a hankali. Ka ce mata ban sha wuya ba."

Bai ƙara magana ba, barci ya ɗauke shi. Mounkaila ya zauna har nas ta dawo ta ce lokacin baƙi ya ƙare.

Da ya fito Ilya ba ya nan. Ya shiga metro ya nufi Barbès, wurin Alhaji Mai Moussa, dattijon da duk ɗan Nijar da abu ya cakuɗe masa a Paris yake nema. 'Yan kasuwar ƙarƙashin gada suna kwashe rumfuna, ganyen salak da kwalaye a tattake a ƙasa, masu sayar da taba a hannu suna kiran mutane. Shagon Alhaji ɗan ƙarami ne, shadda jere har rufi, akwatunan tafiya a ɗaure da sarƙa a ƙofa. Suka gaisa, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, yaya mutanen Lyon, yaya labarin gida. Sai da aka zuba shayi sannan Mounkaila ya kwance masa komai. Duk lokacin da jirgin metro ya wuce ta sama kofunan sai su yi rawa a faranti, Alhaji ya dakata har ya wuce.

"Shi da kanshi ya ce ka faɗi haka?"

"Shi da kanshi, Alhaji."

"Allah sarki. Namiji ne." Alhaji ya juya carbi. "To ka ji yadda abin yake, don na gani ba sau ɗaya ba. In ka ce an sace, kai ka fita. Su goge sunanka daga kanshi, su rubuta ba a san ko wane ne ba. Fasfo ɗinshi na ina?"

"Yana Rillieux, cikin gwangwanin biskit. Ya daɗe da mutuwa."

"To wa zai kawo shi? Wa zai tsaya ya sa hannu ya ce na san mutumin nan? Abokan ɗakinshi ba mai kusantar ofis. Ni ban taɓa ganin fuskarshi ba. Sai su sa shi a firiji har su gama bincikensu. Akwai wani ɗan Mali da ya yi wata huɗu a ciki. Ƙarshe aka kai shi inda ake kai marasa kowa, ba wanka, ba salla."

"In na ce na san shi, amma ba ni na ba shi ba fa?"

"Ƙofarku na kallon juna. Za su ja zaren har su iso falonka, sannan ga ƙarya a kan laifi. Ko dai ba ka san shi ba sam, ko kuwa ka faɗi duka."

"In na faɗi duka?"

Alhaji ya buɗe tafin hannu. "Wasu an ja musu kunne an bar su. Wasu an ƙi sabunta musu kati. Ya danganta da wanda takardarka ta faɗa hannunshi da abin da ya ci da safe. Ni ba zan ce maka yi ba, ɗana. Wanda ya tafi ya tafi, kai kana da iyali. Allah ya san sunanshi ko ba a rubuta ba."

Mounkaila ya fito ya tsaya a gindin wani ginshiƙin gada. A jikin bangon tasha an manna wani ƙaton hoto na wata yarinya tana tsalle sama da sanda, an rubuta yawan kwanakin da suka rage a buɗe wasanni. Ya juya masa baya ya kira Rékia. Ya gaya mata abin da Malam ya ce, da abin da Alhaji ya ce. Yana jin Muhsina a bayanta tana rigimar a kunna mata tele.

"Ke mi kika gani?"

"Yanzu kake tambayata? Ranar da na yi magana ka ji?"

"Rékia."

Ya ji ta kunna wa Muhsina tele, sannan ta dawo kan layi.

"Ina tsoro, Baban Muhsina, ba zan ɓoye maka ba. Tun ɗazu nake kallon kayan ɗakin nan ina tunanin wanne zai shiga akwati. Ban ce ka faɗa ba." Ta ja numfashi. "Amma da matar nan ta ce mijinki zai mutu, kana gabana kana ɓare lemo, duk da haka sai da ƙafafuna suka mutu. Kiran Saadatou ne na amsa. Shi ke nan abin da na sani."

Bai koma Lyon ba ranar. A bayan shagon Alhaji ya kwana, a kan dilar shadda. Lahadi ya wuni a bakin gadon, Malam Bukari bai farka ba. Sau biyu ya sauka har ƙofar asibitin da niyyar ya kama hanyar tashar jirgi, sau biyu yana dawowa. Da azahar ya yi salla a wani lungu kusa da matakala, a kan jaket ɗinsa, ya idar bai san raka'a nawa ya yi ba. Wani da bai ba da suna ba ya kira tarhon Malam, wanda Ilya ya bar masa, ya ce da Faransanci mai sauri kamfani na jajantawa game da haɗarin da ya faru a gida, kuma zai fi wa kowa sauƙi in ba a tsawaita zance ba.

Ran Litinin da hantsi numfashin ya canja. Mounkaila ya matso da bakinsa kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada. Leɓen Malam ya motsa sau ɗaya, ko amsawa ce ko ba ita ba, Allah ya sani. Ƙarfe goma da minti ashirin na'urar ta ɗauki ƙara guda mai tsawo. Ya shafe masa ido, ya ɗaure masa haɓa da ɗan ƙyallen da nas ta miƙo.

Bayan awa guda aka kai shi wani ƙaramin ofis a hawa na ƙasa. Wata mata mai furfura, tabarau rataye da sarƙa a wuya, ta yi masa ta'aziyya, ta ce takarda ɗaya ce za a cika kafin a aika ma'aikatar gari. Ta juyo masa da fuskar na'urar.

"Ku duba ko daidai ne. Mounkaila Tinni, an haife shi a Maraɗi, mai aure, 'ya ɗaya. Ya rasu yau. In babu gyara sai ku sa hannu a nan, Musye Salim."

Ya karanta har ƙasa. Ƙofar ofishin a buɗe take, daga inda yake zaune yana hango ƙofar fita, da bas ɗin da ke tsaye a tasha. Zai iya cewa bari ya sha iska ya dawo. Babu wanda ya san Salim.

Ya sa hannu a aljihun ƙirji. Ya zaro katin. Ya ajiye shi a kan tebur, ya tura mata.

"Wannan ni ne, Madam."

Ta sa tabarau. Ta dubi katin, ta dube shi, ta sake duban katin.

"To wane ne a sama?"

"Maƙwabcina ne. Ba sata ya yi ba, ni na ba shi da hannuna don ya samu aiki. Kuma ba a gida ya faɗi ba. A shantiye ya faɗi, ran Litinin da ta wuce."

Matar ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Kun san dole in sanar da hukuma? Ba ni da ikon in riƙe wannan."

"Na sani."

"Kuna so ku fara ganin lauya? Akwai ƙungiyoyi, zan ba ku lamba."

"Ki ba ni. Amma ki fara cire sunan."

Ta goge layin farko, harafi bayan harafi, har wurin ya zama fari. "Ina saurare."

"Bukari Ɗan Ladi. Tibiri, Nijar."

Ta sa ya maimaita mata baƙaƙen ɗaya ɗaya. Sai ta ce, "Ranar haihuwa?"

Nan ya tsaya. Shekara shida suna cin abinci kwano ɗaya ranar salla, bai taɓa tambaya ba. Mutum ɗaya ce za ta sani. Ya ɗauko tarhon Malam, ya nemo sunanta, ya danna. Ya yi ta ƙara, can sai ga muryarta tare da kukan awaki da hayaniyar yara.

"Malam! Sai yau? Sati guda ina kira."

"Yaya Saadatou, ni ne, Mounkaila."

"A'a, Mounkaila! Ina kwana, ina sanyi? Ina Rékia, ina amaryata Muhsina? Ya ba ka tarhon ne, ko ƙwace mishi ka yi?"

"Duk lafiya lau. Yaya, wace shekara aka haifi Malam?"

Hayaniyar yaran ta yi nisa, kamar ta shiga ɗaki ta saki labule.

"Mi ya sa kake tambaya?"

Duk abin da ya shirya faɗa a hankali ya gudu. "Sai haƙuri, Yaya. Yau da hantsi. Ina wurin, da kalmar shahada a kunnenshi."

Ta yi salati, ta sake yi, muryar ta karye a na uku. Matar ofis ta kawar da kai tana kallon taga. Mounkaila ya riƙe tarhon da hannu biyu, yana jin kukan yana tahowa daga Tibiri yana yankewa yana dawowa. Bai ce mata Malam bai sha wuya ba. Bakinsa ya kasa.

Can ta ce, da wata murya a daƙushe, "Shi dai yakan ce shekarar babbar yunwa yana da shekara huɗu, yana tuna uwarshi ta goya shi zuwa Maraɗi a ƙasa. Wa ke son sani?"

"Masu rubuta takarda."

"To su rubuta daidai."

Aka lissafa, matar ta rubuta 1970, ɗaya ga Janairu.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. 'Yan sanda sun riƙe shi awa uku, suka sa ya sa hannu a shafi biyar, suka ce za a sanar da ofishin da ke ba da katin zama, ya jira wasiƙa. Da ya tambayi abin da zai faru a watan Yuni, wanda ke bugawa ya ɗaga kafaɗa. Kamfanin kuwa ya ce bai taɓa jin wani mai suna Bukari ba. Tarhon Ilya ya daina shiga. Rékia ta hau jirgi da kanta ta kawo gwangwanin biskit ɗin, ta miƙa masa a tasha ba ta ce masa ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba, ta gyara masa wuyan riga ta koma saboda makarantar Muhsina.

Kwana goma sha ɗaya kafin a ba da gawar. 'Yan Nijar na Paris da na Lyon suka ɗauki nauyin kai shi gida. Ranar wanka su uku ne a wani ɗaki mai farin tayil a ƙasan asibitin: Alhaji Mai Moussa, da wani limami ɗan Damagaram, da Mounkaila, wanda aka ce shi zai zuba ruwa tunda shi ne mafi kusa. Suka fara da dama, limamin yana faɗin abin da za a yi a hankali. Da aka zo hannu, Mounkaila ya buɗe tafin ya zuba. Fatar ta yi kauri kamar ƙasan takalmi, duk ta tsattsage, kuma cikin kowace tsaga akwai siminti fari, ya shige ya zauna. Ya sa sabulu ya cuɗa. Ya sake zubawa, ya bi layukan da farcensa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan yana gangarewa ta ramin tebur, farin yana nan.

"Bar shi haka, ɗana," in ji Alhaji. "Ya isa."

Mounkaila ya riƙe hannun kaɗan. Sannan ya miƙar da shi a gefen jiki, limamin ya warware likkafani.